Dusaldof: titin da na'ura ta koyi waƙa

Wanda ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Dusaldof, a yammacin Jamus, tafiyar ƴan mintoci ce da ƙafa za ta kai shi titin Mintropstrasse. Unguwar ba ta da abin kallo: ƙananan otal, mashaya, da gidaje masu launin toka. Amma a lamba 16, ƙarƙashin allon wani kamfanin gyaran lantarki, nan ne ɗakin ɗaukar sauti na Kling Klang ya yi shekaru kusan 40.

Ralf Hütter da Florian Schneider suka kafa shi a 1970, tare da ƙungiyarsu Kraftwerk, wato "tashar wutar lantarki". Ana ba da labari cewa wayar ɗakin ba ta ƙara. Mai son magana da su sai ya kira daidai lokacin da aka yanka masa, in ya makara ya yi asara. A 1974 suka fitar da Autobahn, waƙa mai tsawon minti 22 kan tafiyar mota bisa babbar hanya. Abin da ya bambanta su da sauran masu gwajin na'ura a zamanin shi ne ba su yar da karin waƙa ba. Sautin na ƙarfe ne, amma yaro ma yana iya rera shi.

Wannan ne samarin Ingila suka ɗauka. Andy McCluskey ya kalle su a Libaful a 1975, daga baya ya kafa OMD tare da abokinsa. Depeche Mode kuwa suka fito ta hannun ƙaramin kamfani mai zaman kansa, Mute. Da kwamfuta ta yi araha, sai ɗakin kwana ya wadatar: a 2003 The Postal Service suka fitar da Give Up, ɗaya yana Siyatal, ɗaya yana Los Anjalas, suna aika wa juna faifai.

Ɗan Nijar ba zai ji sautin baƙo ƙwarai ba. A 1978, a Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai, wanda rediyo da talabijin na ƙasa suka daɗe suna sawa tsakanin shirye-shirye.

Kraftwerk sun kwashe kayansu zuwa Meerbusch, garin da ke maƙwabtaka. Schneider ya rasu a 2020. Masoya kiɗan har yanzu sukan tsaya bakin ƙofar lamba 16 su ɗauki hoto.