Kuɗin Wani A Hannun Ɗan Aike

Shekarata ashirin da 'yan kai ina neman abinci a Ikko. Gidana yana Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango tun zamanin fataucin goro, amma wurin aikina Apapa ne, bakin tashar jiragen ruwa, inda na ke lura da manyan motocin wani Alhaji, maigidana, wanda ya ke zaune a Kano. Aikin kuwa shi ne in nemo wa motocin lodi, in sallami direbobi, in biya bakanike, sa'an nan ƙarshen wata in aika da lissafi. Na fara da wannan bayani ne domin mai karatu ya gane dalilin da ya sa wata gardamar ƙwallon ƙafa, wadda ba ta ci mini ko kwabo ba, ta hana ni barci dare guda cur.

Ran Lahadi, 27 ga watan Oktoba, 2024, muka taru a wani gidan kallo da ke kusa da inda tireloli su ke jiran layi, domin mu ga wasan Manchester United da West Ham. Ni dai tun ina saurayi na ke goyon bayan United, kuma ban taɓa sauya sheƙa ba. A ranar 'yan wasanmu sun ɓarar da dama iri iri, har da wadda mai tsaron gida ba ya cikin raga. Aka fara cin mu, Casemiro ya farke, amma ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba West Ham bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka tashi biyu da ɗaya. Kulob ɗin da ya saba zama a kan gaba ya koma na 14 cikin ashirin.

Bayan sallar lisha muka haɗu a teburin mai shayi, kamar yadda muka saba. Nan fa aka kafa shari'ar mai horar da 'yan wasan, watau Erik ten Hag, mutumin ƙasar Holan, ba tare da shi yana wurin ba.

Wanda ya fara shigar da ƙara wani matashi ne ɗan kamasho, wanda ya haddace farashin 'yan wasa fiye da yadda ya haddace kuɗin lodi. Ya ce tun da aka ɗauko wannan mutum daga Ajax a shekarar 2022, an kashe fiye da fam miliyan 600 wajen sayo masa 'yan wasa. A canjin wancan lokaci fam ɗaya ya haura naira dubu biyu, watau ke nan kuɗin ya ɗara naira tiriliyan ɗaya. Ya shiga lissafi da yatsu: Antony, ɗan Birazil, wajen fam miliyan 82, Casemiro, miliyan 60 tun kafin a haɗa da ƙari, Højlund, miliyan 64, Mason Mount, miliyan 55, Onana, mai tsaron gida ɗan Kamaru, miliyan 40 da wani abu. Sa'an nan ya buga tebur ya ce, "To, me aka samu? Bakwai da nema a hannun Liverpool a watan Maris na 2023, da matsayi na takwas a kakar da ta biyo baya. Wallahi in ni ne mai kulob, ba zai sake kwana a ofis ba."

Wani tela, mai goyon bayan Arsenal, ya ɗaga kofinsa ya ce shi kam addu'arsa Allah ya ja zamanin Ten Hag, a ƙara masa shekara goma. Aka tuntsire da dariya.

Ni kuwa sai na ga na miƙe tsaye ina kare mutumin kamar ɗan'uwana na jini. Na ce a yi adalci. Ba shi ne ya kawo ƙarshen shekara shida ba kofi ba, sa'ad da ya doke Newcastle a watan Fabrairu na 2023? Ba shi ne ya gama na uku a shekararsa ta farko ba? Ba shi ne ya kayar da Manchester City biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na FA, ran 25 ga Mayu, 2024, da ƙafafun yara biyu masu tasowa, Garnacho da Mainoo ba? Na tuna musu cewa Alex Ferguson da mu ke yabo ya kama aiki a watan Nuwamba na 1986, bai ɗauki kofi ba sai 1990, bai kuma ci gasar ƙasa ba sai 1993. Da an yi masa gaggawa, da ba a ga kofunan gasar ƙasa 13 da ya tara ba. Na yi ta magana har shayina ya huce.

A gefen benci akwai wani dattijo, tsohon direban tanka, wanda ya ga zamanin Raccah Rovers ta Kano da Stationery Stores ta nan Ikko. Ba ya goyon bayan kowa a Turai, ya kan ce shi kallon masu kallo ya ke zuwa yi. Ya bari sai da kowa ya gaji, sa'an nan ya dubi ɗan kamashon ya ce, "Yaro, cikin waɗanda aka sayo, nawa ne suka taɓa yi masa aiki a can inda ya fito?"

Yaron ya ce, "Baba, ai su ne da yawa. Martínez da Antony da Onana da De Ligt da Mazraoui, duk yaransa ne a Ajax."

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "To, ai ga ciwon nan. An aiki mutum kasuwa da kuɗin da ba nasa ba, ya wuce rumfunan kowa ya nufi ta sanayya. Wanda ka sani ba ka iya taya kayansa da wulaƙanci, shi kuma mai kayan ya ga idonka ya riga ya faɗa, sai ya tsuga kuɗi. Amma ku gaya mini, shi wannan Bature shi ne ya ke sa hannu a takardar banki?" Aka ce a'a, akwai shugabannin kulob da su ke ciniki. Ya ce, "Ashe idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maigidan da ya miƙa jaka bai tambayi farashi ba, shi ma a ajiye masa tabarma a gaban alƙali."

Daga nan ya juyo wajena, ya rage murya ya ce, "Malam, yau kam ka yi zafi. Anya Baturen ka ke karewa?"

Jama'a, wannan tambaya ita ce ta bi ni har Agege. Gaskiyar magana ita ce, a shekarar 2023 Alhaji ya aiko mini da kuɗi masu kauri, ya ce in ƙaro tirela biyu, in kuma nemo musu direbobi. Ya ce ya bar mini wuƙa da nama. Maimakon in zagaya in gwada farashi, sai na nufi wajen wani mutumin garinmu, wanda muka yi makarantar allo tare. Ya nuna mini wani kan mota tokumbo, fenti yana ƙyalli. Kunya ta hana ni zuwa da bakanike ya duba injin, domin kada ya ce ban yarda da shi ba. Kunya ta kuma hana ni tayawa yadda ya kamata. Da aka zo ɗaukar direbobi, na ɗauki ɗan ƙanwar mahaifiyata da wani maƙwabcinmu na gida, na ce wa kaina ai na san halinsu, ba za su ci amanata ba. Ba su kuwa ci ba. Sai dai ɗan'uwan nawa bai taɓa tuƙi a Ikko ba, bai san yadda a ke bin layin shiga tasha ba, ga gosulon hanyar Apapa zuwa Oshodi wanda ya ke karya zuciyar gwanaye ma. Motar nan kuwa kwanakin da ta yi a gareji sun fi waɗanda ta yi a kan titi.

Duk wata in na aika da lissafi sai in jera dalilai: tsadar man dizal, faɗuwar naira, ramukan hanya, masu karɓar na goro a kowace kwana. Ba kuwa ƙarya na ke yi ba, duk suna nan. Haka shi ma Ten Hag ya kan jera nasa bayan kowane wasa, yana ambaton 'yan wasan da suka ji rauni, kuma ba ƙarya ya ke yi ba. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne cewa cinikin farko ne ya lalace, kuma ni na lalata shi. Mako biyu kafin wancan wasa Alhaji ya bugo waya ya ce in zo Kano ƙarshen wata da littattafan lissafi duka. Saboda haka sa'ad da na miƙe ina cewa a ƙara wa koci lokaci, kaina na ke roƙa wa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ni kuwa nawa na hango a jikin wani, na shiga yi masa lauya.

Wanshekare, Litinin 28 ga wata, labari ya zo an sallami Ten Hag. Abin mamaki, watanni kusan huɗu kafin nan, a watan Yuli, waɗannan shugabanni ne da kansu suka tsawaita masa kwangila zuwa 2026, suka kuma sake sayo masa 'yan wasa biyar. Sallamarsa da mataimakansa ta ci fiye da fam miliyan 10, a shekarar da kulob ɗin ya rage ma'aikata 250 da sunan tsimi. Na ji labarin ina tsaye a bakin gareji, gwiwata ta yi sanyi. Aka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin mota, tsakanin Ikko da Kano, na shirya jawabi kashi biyu. Ɗaya na dalilai, ɗaya na gaskiya. Har na shiga zauren Alhaji ban tsai da wanda zan yi ba. Bayan mun gaisa ya buɗe littafi, ya sa tabarau, sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka duba, akwai abin da ba ya cikin littafin nan." Na gaya masa yadda na sayi motar, da wurin wanda na saya, da dalilin da ya sa ban je da bakanike ba, da dangantakata da direban. Na ce in ya ga dama ya karɓi makullansa, ba zan ce ya zalunce ni ba.

Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya cire tabarau ya ce, "Malam, da ka zo mini da labarin dizal yau, da mun rabu. Na riga na sa an bincika mini kuɗin irin motar nan." Sa'an nan ya ce shi ma yana da nasa kason, domin ya aika da dukiya mai yawa bai nemi ganin ko takarda ɗaya ba, kuma kafin ni ya sauya wakilai biyu a Apapa bai taɓa tambayar kansa abin da ya ke kayar da su ba. Ya yanke hukunci uku. Za a sayar da motar ko da hasara. Daga ranar ba a sake sayen abu mai tsada sai bakanike ya duba, an kuma kawo farashin wuri uku. Direba kuwa sai an gwada shi a hanya, ko ɗan wane ne. Ya kuma zaftare mini wani abu daga albashina har tsawon shekara guda.

Mafi ɗaci shi ne na ukun, domin ɗan'uwana bai ci gwajin ba, kuma ni aka sa in gaya masa. Ƙanwar mahaifiyata ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwata. Da na yi abin da ya dace tun farko, da ban ɗora shi a kan abin da ya fi ƙarfinsa ba, da kuma zumunci bai taɓu ba.

Abin da ya biyo baya a Ingila ya ƙara nuna mini cewa dattijon nan ya fi mu gani. An ɗauko Ruben Amorim daga Sporting ta ƙasar Fotugal a watan Nuwamba na 2024. A watan Disamba aka rabu da Dan Ashworth, jami'in da aka kawo musamman domin ya gyara harkar sayen 'yan wasa, bayan wata biyar kacal. Kakar ta ƙare United tana ta 15, matsayin da ba ta taɓa faɗawa ba tun da ta nutse zuwa rukuni na biyu a 1974, ta kuma sha kashi ɗaya da nema a hannun Tottenham a wasan ƙarshe na kofin Europa a watan Mayu na 2025. Antony da a ke yi wa dariya, da aka ba da aronsa ga Real Betis ta ƙasar Sifen a watan Janairu na 2025, sai ga shi yana cin ƙwallaye, har suka saye shi daga baya a kan kuɗin da bai kai sulusin na farko ba. Shi kuma Ten Hag ya sami aiki a Bayer Leverkusen ta Jamus, aka sallame shi a farkon Satumba na 2025 bayan wasa biyu na gasar ƙasa. Kowane ɓangare na teburin mai shayi ya sami abin kafa hujja. Ɗan kamasho ya ce ga shi nan, mutumin ba gwani ba ne. Ni kuma na ce ga shi nan, tafiyarsa ba ta warkar da gidan ba. Na yi imani dukanmu biyu mun faɗi gaskiya, kowa rabi.

Abin da na tsinta cikin wannan al'amari shi ne, sani dabam, ciniki dabam. Wanda aka damƙa wa dukiyar wani, ko kulob ne na fam miliyan ɗari shida ko tirela biyu a Apapa, ba shi da ikon yin kara da ita, domin karar da ya yi da aljihun wani ya yi ta. Shi kuma mai dukiya, idan wakili bayan wakili suna faɗuwa a rami ɗaya, ya kamata ya sauko ya dubi ramin. Tun da Ferguson ya yi ritaya a 2013 an gwada Moyes da Van Gaal da Mourinho da Solskjær kafin a zo kan Ten Hag, kowanne an ba shi jaka, kowanne an raka shi bakin ƙofa.

Har yanzu ina zuwa gidan kallo, har yanzu kuma United na ke goyon baya, Allah ya ba mu haƙuri. Amma in aka kafa shari'ar wani koci a teburin mai shayi, na kan tsaya in tambayi kaina ko wa na ke shirin karewa kafin in buɗe baki. Dattijon nan kuwa, duk ran da muka haɗu, shayinsa a kaina ya ke. Ya taɓa tambayata dalili, na ce masa, "Baba, kuɗin lauya ne." Ya yi murmushi ya ce wa mai shayi a ƙara masa madara.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ran da lissafi ya zo, amin.