Masallacin Larabanga Da Sabuwar Kyamara

Daga Tamale, in mutum ya bi hanyar Fufulso ya wuce Damongo, ba zai daɗe ba sai ya iske Larabanga, ɗan ƙaramin gari a bakin gandun dajin Mole. Abin da ke kai baƙi can shi ne tsohon masallacin ƙasa, wanda mutanen garin ke cewa an gina shi tun shekarar 1421. Ba wani babban gini ba ne, faɗinsa da tsawonsa wajen mita 8 ne kawai. Amma fari ne fat, da hasumiya biyu, da itatuwa da suka fito daga jikin bango, ga kuma wata tsohuwar kuka a gefensa.

Mun je ne mu malaman makaranta daga zangon Kumasi, da nufin mu kawo wa yaranmu hotuna na darasin tarihi. Kyamarar dijital da ke hannunmu sabuwa ce, kuma a gindin wannan bango muka koyi halinta.

Ga yadda abin yake, jama'a masu karatu. Kyamara idan aka bar ta a kan "auto", ita ke auna haske da kanta, kuma lissafinta shi ne kome ya fito tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. To, da ta ga farin bango ya cika mata ido, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Nan take masallaci ya fito ruwan toka kamar ya shekara goma ba a shafe shi ba, masu tsayuwa a gabansa kuwa fuskokinsu su duhunce. Maganinsa wani ɗan maɓalli ne mai alamar +/-. A ɗaga shi zuwa +1, a sake ɗauka, a duba allon baya. In farin ya yi yawa har tabban hannun magina suka ɓace daga jikin bango, sai a sauko kaɗan. A zamanin fim sai an wanke ake sanin haka, bayan an riga an dawo gida.

Lokaci ma babban abu ne. Da tsakar rana ginin shafal yake fitowa. Da hantsi kuwa, rana na bugun ɓangaren alƙibla, kowane itace na shimfiɗa inuwarsa a bango, a nan ne siffar ginin ke bayyana. Wanda ya je da hunturu ya riƙa rufe gilashin gaba, ya hure ƙura kafin ya goge, don gogewa da bakin riga kan karce shi.

A ganinmu, hoton da ya fi amfani ga ɗalibi shi ne na kusa, wanda ke nuna fatar bangon. A shekarun 1970 an yaɓe masallacin da siminti don a kare shi daga ruwa, sai simintin ya riƙe danshi a ciki, gara ta shiga itatuwa, ginin ya fara lalacewa. A farkon shekarun 2000 aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa. Tun daga nan, bayan damina, mutanen garin kan gyara su sake shafa farar ƙasa. Saboda haka bangon bana ba shi ne na baɗi ba, kuma ya kamata a daidaita kwanan wata a cikin kyamara tun kafin a tashi.

Wurin ibada ne, ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. Mu ma da muka shiga salla, kyamara a jaka ta zauna. A waje, sai da muka gaisa da dattawa muka nemi izini. Wani tsoho ya ce, "Malam, ku ɗauka, amma ku nuna mini." Da ya ga kansa a allo, sai ya gyara zaman hularsa ya ce a sake.