Mai Shuɗiyar Riga

Mahaifina ya yi shekara talatin yana aiki a gidan waya a Ibadan, amma ban taɓa gaya wa abokaina na sakandare ba. Idan aka tambaye ni, sai in ce ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina. Kunya nake ji. Wa zai yi alfahari da wasiƙa a zamanin wayar salula?

Kwanakin baya, ina neman wani littafi a laburare, sai na ci karo da hoton wani mutum mai yalwar gemu, sanye da shuɗiyar riga mai maɓallan ruwan zinariya, an rubuta "Postes" a goshin hularsa. Sunansa Joseph Roulin, ma'aikacin gidan waya a garin Arles da ke kudancin Faransa. Mai zanen nan Vincent van Gogh ya zana shi sau da dama tsakanin 1888 da 1889, ya kuma zana matarsa da 'ya'yansa uku.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Roulin ba mai yawon rabon wasiƙu ba ne. A tashar jirgin ƙasa yake aiki, yana kula da jakunkunan wasiƙu. Kusan aikin Baba ke nan: tsayuwa gaban tarin ambulan, ana ware na Kano daban, na Fatakwal daban, ba mai ganinka balle ya ce sannu. Kuma lokacin da Van Gogh ya yanke kunnensa a Disambar 1888, Roulin ne ya riƙa duba shi a asibiti, yana rubuta wa ƙanensa Theo halin da ake ciki.

A nan na tuna cewa Hausar da na fara karantawa a duniya, a bayan ambulan na gan ta. Baba ne ya nuna mini "Zuwa ga" a kan wata wasiƙa da za a kai unguwar Sabo, ya fassara mini da Yarabanci. Ga shi yau da Hausar nake neman digiri.

Hoton Baba ɗaya tak muke da shi na lokacin aiki, na jikin katin shaida, duk ya koɗe. Na kai wa wata ɗalibar sashen zane-zane, muka yi ciniki. Da na gaya wa Baba, sai ya yi dariya ya ce, "Ni kuma? Me za a zana?" Can da dare ya kira ni, wai in ce mata kada ta manta da biron da ke maƙale a kunnensa.