Zuwa Ga Yayana A Kebbe: Tsofaffin Makaɗa Sun Dawo

Tambuwal,
Jihar Sakkwato.

Yaya,

Ina fata kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Yaya aikin gona, yaya kuma haƙuri da zaman ɗar-ɗar da ake yi a ƙauyukan wajenku? Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Mu nan sai godiya.

Ga memori nan na naɗe a takarda na ba direban da ke kai muku kaya. Ka sa a waya ka saurara da dare, in hayaniya ta kwanta. Na san kai mutumin kotso da kalangu ne, jita ba ta cika burge ka ba, amma ka daure, domin akwai roƙon da zan yi maka, kuma sai ka ji waɗannan waƙoƙi zai shige ka.

Na farko a ciki mutanen Tawa ne, can Adar, inda in ka bi ta Illela da Ƙonni yini ɗaya ya ishe ka. Sunan ƙungiyar Azna de l'Ader, jagoransu kuwa ana ce masa Mona. Tun shekarun 1970 suke kiɗan rok da jitar lantarki, irin na Jimi Hendrix na Amurka, amma da Hausa suke rerawa. Shekara da shekaru suna tara jama'a a garinsu ba su taɓa fitar da faifai ba, sai da wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa, Sahel Sounds, na wani Ba'amurke Christopher Kirkley da ke Portland, ya tono tsofaffin ɗaukarsu ya fitar da su da sunan Zabaya. Sautin bai da tsabta, wani wurin ganga tana danne murya, jita tana ƙugi tana ƙara. Ni dai hakan ya fi mini daɗi. In ka kasa kunne ƙarƙashin hayaniyar nan za ka ji taken da muka tashi muna ji a dandali. Bahaushe ne ya karɓi kayan kiɗan wasu ya sa su yi magana da bakinsa, tun kafin a haifi yawancin yaran da ke cika mana kunne yanzu.

Na biyu shi ne wanda na fi so mu yi magana a kai. WITCH ƙungiya ce ta ƙasar Zambiya, ta tashi a farkon shekarun 1970 a yankin da ake haƙar tagulla. A lokacin shugaba Kenneth Kaunda ya ba da umurni a cika rediyo da kiɗan gida, sai kasuwar samarin nan ta buɗe. Daga baya farashin tagulla ya faɗi, talauci ya shigo, cutar ƙanjamau ta ɗebe makaɗan ƙasar da yawa. Faifansu na ƙarshe a wancan zamani ya fito a 1984. A cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, mawaƙinsu Jagari Chanda kaɗai ya rage. Ya yi koyarwa a makaranta, ya koma haƙar duwatsu masu daraja a daji don ya ci da iyali. Wa zai ce mutumin nan zai sake hawa dandamali?

Abin da ya dawo da shi tsofaffin faya-fayansu ne. Wani kamfani a Amurka, Now-Again, ya sake buga su a 2012, samarin Turai suka ji suka ruɗe, aka yi fim a kan tarihinsu a 2019. A watan Yunin 2023 sai ga sabon faifai mai suna Zango, bayan shekara 39. A Lusaka suka ɗauka, a sitidiyon DB, inda suka yi faifansu Lazy Bones na 1975.

Ga hukuncina, Yaya. Faifan ya yi kyau, kuma abin da ya sa ya yi kyau shi ne tsohon bai yi ƙoƙarin zama yaro ba. Muryarsa ta yi kauri, ta ɗan dushe, bai ɓoye ba. Ka saurari Waile da kyau: gangunan gargajiyarsu ne ke jan ragama, jita tana biye, amshi yana komowa yana komowa har ka samu kanka kana karɓa ba ka san harshen ba. Waƙar da ya yi da yarinyar nan 'yar ƙasarsu, Sampa the Great, ita ma ta zauna, don kowa ya tsaya matsayinsa, babu mai neman danne wani.

Inda nake da ja shi ne kiran abin da haɗuwar tsohuwar ƙungiya. Ban da Jagari, sai Patrick Mwondela mai fiyano, wanda shi ma daga baya ya shigo, lokacin da ƙungiyar ta koma kiɗan disko. Sauran duk matasa ne, mafi yawa daga Turai, irin su Jacco Gardner ɗan Holan. Sun ƙware, sun haddace tsohon sautin ƙwarai, amma a wasu waƙoƙin haddar ta yi yawa, komai ya fito sumul, babu ɗan gargaɗar nan da ke cikin faya-fayan da. Mu da muka san yadda kiɗan fada yake mun san dalili. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa sun riƙe kotso, waƙoƙin suna nan, amma wanda ya ji yadda shi da 'yan amshinsa ke miƙa wa juna zance, wannan ya ɗauko ɗa wancan ya dire shi kan gindin waƙa ba tare da an dubi juna ba, ya san shekaru ne ke gina wannan. Ba a koyonsa daga faifai.

Na uku kuwa labarin na yanzu ne. Mdou Moctar, Buzun nan na jihar Tawa mai kaɗa jita da hagu, ka san a ina ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008? A nan Sakkwato, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu a Nijar da Mali, har Sahel Sounds ta tsince shi. Yau yana tare da kamfanin Matador na New York, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Yaron da ke tura mini waƙa a rumfar cajin waya bai yarda ba da na gaya masa daga sitidiyon jiharmu abin ya faro.

To ga roƙon. Duk waɗannan mutane ba su dawo ba sai don wani ya ajiye sautinsu. Mu me muka ajiye? Zuwana na ƙarshe na leƙa zauren Kawu, na ga kotsonsa rataye a ƙusa, fatar ta tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin. Akwatin kaset ɗin Baba kuma yana ƙarƙashin gadon Inna. Na ciro ɗaya, zaren ya manne, na sa biro na juya a hankali, sai ya tsinke a hannuna. A cikin akwatin nan akwai waƙoƙin noma da Kawu ya yi a gayya, waɗanda babu gidan rediyon da ke da su. Da na tambaye shi ko zai iya tuna su, cewa ya yi: "Ni ɗai ba ni iyawa. Waƙa ba ta tashi sai da 'yan karɓi, su ko sun watse tun da anka bar gayya."

Ba su ƙare ba, Yaya. Kai da kanka ka ce mini ɗaya yana Kuchi, ɗaya yana wajen ɗiyarsa a Jega, na ukun yana nan Dogon Daji ina ganinsa. Abin da Jagari ya rasa, Kawu yana da shi: mutanen da suka yi shekara talatin suna karɓa masa suna raye. Ni zan ɗauki kuɗin mota da na sabuwar fata, zan kuma zo da yaron da ya iya ɗaukar sauti da kwamfuta. Kai kuma maganarka Kawu ke ji. Ka lallashe shi, ka nuna masa ba roƙo za a koma ba, ba kuma biki za a yi ba, zama ne na yini biyu a zaure don jikokinsa su san abin da ya yi.

Mu sa shi bayan an gama yankan gero, kafin sanyi ya kama tsofaffin. Akwatin kuma don Allah ka fitar da shi daga ƙarƙashin gado ka ɗora a sama inda babu laima, kada kowa ya sa kaset ko ɗaya a rediyo sai na zo.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana tafe ranar kasuwa. Ina jiran amsarka ta hannun direban.

Wassalam.

Naka,
Ƙaninka.