Injin da Fijo ta baro Kaduna da shi

A Haɗejia ta shekarun 1980, in an ce mota to Fijo ake nufi. 504 ke jigilar fasinja zuwa Kano, akori-kura 404 kuma ita ke kutsawa Guri da Kirikasamma da Auyo ta kwaso busasshen kifi da shinkafa da tattasai. Lokacin ba a ƙirƙiro Jigawa ba, sai a 1991, saboda haka lambar Kano ce a goshin kowace.

Fadama ita ke ciyar da mu, ita ce kuma ke kashe injuna. Da damina kogi kan malale hanya, direba ya ce bari ya gwada sa'a, ruwa ya bi ta kafireto ya shiga silinda, sandar fistin ta lanƙwashe, wani lokaci bulok ɗin ma ya tsage. Daga nan sai Ƙofar Ruwa a Kano, a sayo wani a ɗora. Shi ya sa tambayar farko ta mai sayen tsohuwar mota a garinmu ita ce: injin nata ne?

Baffana bakanike ne, ni kuma ɗan riƙe masa fitila da tsumma a ranakun da babu makaranta. Ba ya musu da dillali. Sai ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in duba," ya karɓi takardun mota, ya sa in wanke gefen bulok da kananzir har lambar da aka buga ta fito. Yana karantawa, ni ina bin ta takarda da yatsa. Ko sun yi daidai bai gamsu ba, domin akwai masu goge lamba da dutsen gurza su buga wata. Yakan shafa wurin da babban yatsa. In ya ji santsin ya wuce kima, ko wurin ya ɗan lotsa, ko ya ga haruffan sun hau sun sauka, sai ya ce, "Ɗana, hannu ya taɓa nan."

Abin da ya fi burge ni shi ne alamar da ke tasowa a jikin ƙarfen, wadda ta fito tun ranar da aka zuba narkakken ƙarfe a mazubi. Wannan ba a buga ta da guduma, kuma a cikinta masu zubi kan bar shaidar lokacin da suka yi aikin. Hujjar Baffa mai sauƙi ce: ba a haifar ɗa kafin uwa. Dole ranar zubi ta riga ranar haɗa mota. Ya san kuma tazarar kan yi watanni, tunda kamfanin Fijo da ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975 daga Faransa ake kawo masa kayan haɗi, har jiragen sama sun yi ta sauke su a Kano daga Liyon. Amma motar 1978 ɗauke da bulok na 1984, wannan babu sauran magana. Sannan ya leƙa kafireton Solex da kik da altaneta, ya ga ko shekarunsu na tafiya tare.

Bai taɓa raina injin canji ba, shi da kansa ya ɗora da yawa, kuma sun ciyar da gidaje. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a karɓi kuɗin na asali a kan na aro. In ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, sai a sake zama a yi sabon ciniki, a rabu da "Allah ya sa albarka."

Yau 'yan 504 da suka rage a tashar Haɗejia galibi injin Beljiyam ke jansu, wasu an canza musu sau da yawa har mai motar bai san adadin ba. Wadda za ka samu da injinta na Kaduna yawanci ta wani tsohon ma'aikaci ce ko malamin makaranta, wanda in damina ta kankama yakan kulle ta a gida ya hau keke zuwa aiki.