Baƙin Ƙarshen Mako a Gonar Babanmu

Da shugaban kwamitin wannan mujalla ya ce in rubuta wani abu domin fitowar bana, sai na ce masa zan yi magana a kan gona. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai kai ba malamin aikin gona ba ne." Gaskiyarsa, labarin ƙasa nake koyarwa. Amma a gona aka haife ni, kuma da kuɗin dankalin turawa aka biya mini makaranta tun daga firamare har na gama kwalejin horon malamai. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne a ƙauyenmu, can ƙasar Bokkos, kuma har yau bai ƙare ba.

Babanmu ya rasu a 2016, ya bar mana gona da gida mai ɗakuna huɗu da rumbu biyu, duka a cikin shingen ƙerana irin wanda kuke gani a ƙauyukan Filato. Yayana yana aiki a Kaduna, ni ina nan makaranta. Mama ce kaɗai ta rage a gida tare da jikoki biyu. Kowace Jumma'a idan an tashi, nakan hau mota in tafi in duba ta, in dawo Lahadi da yamma.

A watan Yuli na 2019 wani abokina da muka yi aji ɗaya a kwaleji ya buga mini waya. Shi ya bar koyarwa tuntuni, yana aiki a wani ofis a Abuja. Ya ce 'ya'yansa uku ba su taɓa ganin inda abinci yake fitowa ba, har ƙaramarsu ta ce masa a kan itace dankali yake nuna kamar mangwaro. Yana so ya kawo su gidanmu su kwana biyu. Sai ya ƙara da wata magana da ta sa na yi shiru. Ya ce, "Ka faɗa mini nawa ne kuɗin kwana da na abinci, zan biya." Na ce masa ya bar wasa. Ya ce ba wasa yake yi ba, haka ake yi a ƙasashen waje, kuma idan ban karɓa ba, ba zai iya sake zuwa ba, domin kunya za ta hana shi.

Suka taso daga Abuja da safe, suka bi ta Keffi da Akwanga. Sun tsaya kallon ruwan Assop, suka hau Hawan Kibo, suka ga duwatsun Riyom da suke a ɗore kamar da hannu aka jera su, sa'an nan suka ratse ta Barikin Ladi. Da suka iso wajen la'asar ana yayyafi, abu na farko da yaran suka nema shi ne rigar sanyi. Na riga na gargaɗi ubansu cewa tudun Filato ya fi mita 1,200 bisa teku, amma mutumin Abuja ba ya yarda akwai sanyi a watan Yuli sai ya ji a jikinsa. Mama ta fito da tsofaffin barguna na Baba ta lulluɓe su, ta zaunar da su bakin murhu, ta miƙa musu kunun acca mai zafi.

Ranar Asabar muka fita tonon dankali. Wanda aka shuka da ruwan fari a Afrilu, zuwa Yuli ya yi, ganyensa ya soma bushewa. Na nuna musu yadda ake sa fartanya a gefen kunya, a ɗaga ƙasa a hankali, ba a sara daga sama ba. Babban yaron bai saurara ba. Kafin in juya ya raba dankali kusan rabin kwando gida biyu. Dankalin da fartanya ta sare ba ya shiga buhu, domin zai ruɓe ya ruɓar da sauran, sai dai a dafa shi a ranar. Saboda haka dankali muka ci da rana, shi muka ci da dare. Ita kuwa ƙaramar, da ta tura hannu cikin ƙasa ta fito da guda shida a gindi ɗaya, sai ta yi ta ihu tana kiran uwarta ta zo ta gani. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da dankali haka ba. Mu da muka girma a cikinsa, ciwon baya kawai muke tunawa.

Abu ɗaya na hana su ƙememe. Akwai wani tafki a bayan gonarmu, cikin waɗanda masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Ruwansa a kwance yake, gwanin kyau, da shi muke ban ruwa da rani. Amma gefensa a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansa laka ce, kuma ya ci mutane a ƙauyenmu. Ku ɗalibai da kuke zuwa hutu wajen Barikin Ladi ko Bukuru, kada kyan irin waɗannan tafkuna ya ruɗe ku.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi rigimar da nake tsoro. Abokina ya durƙusa ya miƙa wa Mama ambulan. Ta tambaye ni da yarenmu mene ne wannan. Na ce kuɗin kwana ne da na abinci. Fuskarta ta canza. Ta juya ta ce masa da Hausa, "Ɗana, gidan nan ba otel ba ne. Mijina bai taɓa sayar wa baƙo da tuwo ba, ni ma ba zan fara ba." Ya yi ta ba da haƙuri, ita kuwa ta shige ɗaki. Suka tafi da buhun dankali da ta sa aka ɗora musu a mota kyauta, ni kuma aka bar ni da ambulan a aljihu da kunya a fuska. Da na buɗe, kuɗin ciki ya isa sayen takin da muka kasa saya a daminar nan.

Wannan abu ya dame ni har na shiga bincike. Ashe abokina bai yi ƙarya ba. A Italiya, ganin yadda ƙananan manoma suke barin gonakinsu suna gudu birni, gwamnati ta yi doka a 1985 wadda ta ba manomi izinin saukar da baƙi a gonarsa ya karɓi kuɗi. Amma dokar ta sa sharaɗi, wato noma ne zai zama babban aikin gidan, saukar baƙi ya biyo baya. A Ingila kuma wata sakatariya a Landan mai suna Sue Coppard ta fara wani tsari a 1971, inda mutanen birni suke zuwa gona a ƙarshen mako su yi aiki, manomi ya ba su abinci da wurin kwana, ba a miƙa wa kowa kuɗi. Daga nan ƙungiyar WWOOF ta samo asali, ta bazu ƙasashe da yawa. Da na karanta wannan sai na ce, ai gayya ke nan, sai dai su baƙi ne suke zuwa, mu kuma maƙwabta. Ko a nan kusa da mu, gidan hutu na Miyango ya wuce shekara 100 yana karɓar masu gudun zafin ƙasa su zo su sha iska. Bambancin kawai shi ne can gidan hutu ne, ba gonar talaka ba.

Na kai wa Mama wannan bayani duka, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar acca ba. Abin da ya warware maganar daga bakinta ya fito, bayan mako biyu. Ta ce ita ba za ta karɓi kuɗin tuwo ko na tabarma ba har abada. Amma idan baƙo yana so ya sayi dankali ko acca ko zuma ya tafi da su, wannan ciniki ne, kuma ciniki ba abin kunya ba ne. Idan kuma baƙi sun yi yawa har sai an kira mata biyu daga zumuntar mata su taya girki, to a biya su ladan aikinsu. Haka muka tsaya. Ni da na yi kwaleji ban iya raba abin gida biyu haka ba.

Daga nan baƙi suka soma zuwa, wannan ya faɗa wa wancan. Shekarar 2020 ta wuce babu kowa saboda korona, amma a 2021 da 2022 da wuya wata ya wuce ba mu sauki iyali ɗaya ko biyu ba. Na sayar da babur ɗina muka gina ɗakuna biyu a gefen gida, da masai mai murfi da wurin wanka, domin na lura baƙon birni zai jure sanyi, ya jure rashin lantarki, amma ba zai jure bayan gida marar ƙofa ba. Lokacin da suka fi so shi ne girbin acca, bayan ruwa ya ɗauke. Sukan yi mamakin ƙanƙantar ƙwayarta, da yadda ake sussuka ta da ƙafa, da yawan wankin da mata suke yi kafin a raba ta da yashi. Wata baƙuwa da ta yi awa ɗaya tana wanke mudu guda ta ce daga ranar ba za ta ƙara neman ragi a wajen mai sayar da acca ba. Ribarmu ta gaske a nan take: abin da a da dillali yake saye a arha ranar kasuwa, yanzu mai ci ne yake saye a bakin gona.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Wani baƙo ya ɗauki hoton Mama tana tankaɗe da tsohon zanenta na aiki, ya sa a Facebook da wasu kalmomi na tausayi, kamar ya tsinto ta ne a bola. 'Yan ƙauyenmu da suke birni suka gani, aka yi ta kiran Yaya ana tambaya ko mun kasa saya wa uwarmu zane ne. Yaya ya yi wata biyu ba ya ɗaukar wayata. Tun daga ranar na kafa doka: ba a ɗaukar hoton kowa sai an tambaye shi. Akwai kuma masu zuwa da akwatin kiɗa da kwalabe, suna neman wurin da ba wanda ya san su. Waɗannan sau ɗaya suke zuwa, domin ba na sake amsa musu. A ganina, wanda ya zo gona bai taɓa ƙasa da hannunsa ba, kuma bai gai da maƙwabta ba, gara ya kama ɗaki a Jos ya huta da wahalar hanya.

Sai 2023 ta zo. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin tafiya ya ninka, baƙi suka ragu. A wannan shekara kuma aka yi ta kashe-kashe a ƙasar Mangu, maƙwabtanmu. Sa'an nan a daren jajiberen Kirsimeti aka kai hari ƙauyuka da yawa a Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutum fiye da 100. Ƙauyenmu bai shiga ciki ba, amma mun ga hayaƙi daga bayan gida, mun kuma binne mutanen da muka sani. Akwai iyali ɗaya da suka shirya zuwa mana a makon nan, Allah ya sa ɗansu ya kamu da zazzaɓi suka fasa. Har yanzu idan na tuna da wannan, sai in ajiye abin da yake hannuna.

Ɗakunan nan biyu ba su zauna a rufe ba. Wata ƙanwar Mama da aka ƙone gidanta ta zo da 'ya'ya da jikoki, mutum tara, suka shige. Barguna da katifun da na saya domin mutanen Abuja, su suka kwana a kai har damina ta faɗi. Mama ba ta ce mini kome ba, sai dai wata rana da take ba su abinci ta dube ni ta ce, "Waɗannan nawa za ka ce su biya?" Ban amsa ba. A Afrilun 2025 aka sake kai hari wasu ƙauyukan Bokkos, mutum huɗu daga cikinsu suka dawo, kuma biyu suna nan har yanzu.

Yaya yana so mu sayar da gonar mu kawo Mama birni. Ya ce na zuba kuɗin babur a kan mafarki, kuma ran uwarmu ya fi dankali. Ba ni da amsar da zan ba shi a kan na biyun. Mama kuwa ta ce kabarin mijinta yana bayan rumbu, ba inda za ta. Ni ina tsakiya, ina hawa mota kowace Jumma'a kamar da, sai dai yanzu ba na bari duhu ya same ni a hanya.

Abokina na Abuja ya sake kira a hutun da ya wuce. Ƙaramar nan da ta tono dankali shida ta shiga sakandare, kuma ita ce take damunsa da tambayar yaushe za su koma wajen Kaka. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya, mu zo?" Na daɗe riƙe da wayar. Na ce masa su zo, amma su kwana a Jos, su iso gona da hantsi, su juya kafin ƙarfe uku. Da na faɗa wa Mama, sai ta ce baƙon da ba zai kwana ba ai ɗan aike ne. Duk da haka ta sa an ware musu kunya huɗu a gefen gabas, ta ce kada kowa ya tona sai yarinyar ta zo.