Buhun wake da labarin da ya kai shi ƙauye

1/ Jama'a, ku ɗan ba ni minti biyu. Ni ɗalibin aikin gona ne, kuma akwai abin da ke damuna: bincike nawa ne ke kwance a laburaren jami'o'inmu ƙura ta rufe, alhali waɗanda aka yi shi dominsu ko labarinsa ba su ji ba?

2/ Mu ɗauki wake. Kowa ya san ɓarnar ƙwaro: ka ajiye buhu wata uku, ka buɗe ka tarar duk huji da gari. Shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka a wulaƙance, wani kuma ya zuba fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda irin wannan guba.

3/ Alhali masana a Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Kamaru sun daɗe da gano mafita: leda biyu masu kauri a cikin buhu, kowace a ɗaure ta tamau. Ƙwarin su ƙarar da 'yar iskar da ke ciki, su daina ci, su bushe su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Shi ne buhun PICS.

4/ To amma je ka ce wa dattijo leda kawai za ta kashe ƙwaro, wallahi dariya zai maka. Da aka fara yaɗa buhun a 2007, sai malaman gona suka shiga ƙauyuka. Aka zuba waken mutanen gari a gabansu, aka ɗaure. Bayan watanni aka tara kowa, aka yi taron buɗe buhu.

5/ Wannan fa labari ne cikakke. Akwai mugu, ƙwaro. Akwai masu cewa ba zai yiwu ba. Akwai jira. Sai ranar da aka kwance leda, wake ya fito garau. Matar da ta gani da idonta za ta faɗa a gidan suna, dillali ya faɗa a kasuwa. Binciken ya samu ƙafa ke nan.

6/ Amma a kula, labari ba ƙarin gishiri ba ne. Dole ka faɗa musu cewa sai wake ya bushe sosai kafin a ɗura, kuma in leda ta huje aiki ya lalace. In ka ɓoye wannan don labari ya yi daɗi, buhu ɗaya ya ɓaci, ba za su sake yarda da ɗan boko ba.

7/ Ni dai na ɗaura niyya: kafin in tsaya gaban malamai kare bincikena, sai na iya faɗa wa kakata da Hausa abin da na gano, wa ya shafa, me zai canza a rumbunta. In har ta iya maimaita wa maƙwabciyarta, aikin ya yi.

8/ 'Yan ajin ƙarshe, naku fa? Kowa ya gwada ba mu nasa a layi uku, ban da Turanci.